Saura kwana goma in ga al'ada sai in zama wata daban: me zan ci?

Assalamu alaikum Goggo. Ni mai ɗinki ce a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, shekarata 31, 'ya'yana uku. Duk wata, in ya rage kamar kwana goma in ga al'ada, sai in zama wata daban. Cikina ya kumbura har siket ɗin da na ɗinka wa kaina ya ƙi shiga, nonona ya yi tsami, kaina ya riƙa sarawa, ga kwaɗayin zaƙi kamar mai ƙaramin ciki. Abin da ya fi damuna faɗa. Yaro ya ɓarar da ruwa sai in rufe shi da masifa, in koma ɗaki in yi ta kuka. Da jini ya sauka da kwana biyu sai in ware kamar ba ni ba. Surukata ta ce iska ce, a kai ni ruƙiyya. Ƙanwata kuma ta turo min bidiyo wai akwai abincin da ake ci a waɗannan kwanaki, amma duk na Turawa ne: wani kifi mai jan nama, cakulan mai ɗaci, da 'ya'yan itacen da ban taɓa gani a kasuwa ba. Ni da safe shayi da burodi ne, in na hau keke ba na sauka sai la'asar, in sha lemon kwalba da fanke, da dare tuwo. Shayi kam buta ba ta sauka daga kan gawayi a shagonmu. Don Allah me zan ci?

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da fama.

Bari in fara da maganar surukarki, don na san ita ta fi tsaya miki a rai ko da ba ki faɗa ba. Addu'a ba ta taɓa cutar da kowa ba, ki yi, a yi miki. Amma ki sake karanta abin da kika rubuto: yana zuwa saura kwana goma, yana tafiya kwana biyu da saukar jini, wata bayan wata, bai taɓa saɓa alkawari ba. Iskar da ta iya lissafi haka, daga cikin jiki take tasowa. Likitocinmu masu aiki da Faransanci suna taƙaita sunan abin da SPM, na tsallaken iyaka masu aiki da Turanci kuma su ce PMS, wato tarin damuwar da ke zuwa kafin al'ada. Tun 1931 wani likita a Amurka, Robert Frank, ya yi rubutu a kansa, sannan a 1953 likitoci biyu a Ingila, Katharina Dalton da Raymond Greene, suka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Ita Dalton ɗin da kanta ta sha fama da ciwon kai kafin al'ada, ta lura yana ɗauke mata in tana da ciki, daga nan ta bi sawu.

Watan mace kashi biyu ne. Daga ranar da jini ya fara sauka zuwa ranar da ƙwai ya fita, kashi na farko ke nan. Daga fitar ƙwai zuwa saukar jini na gaba, kashi na biyu, wanda likitoci ke ce wa zangon lutiyal. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin rawaya, domin gurbin da ƙwan ya bari yakan rikiɗe ya zama ɗan ƙulli rawaya mai fitar da sinadarin firojestaron. Aikin wannan sinadari shi ne ya gyara wa mahaifa shimfiɗa ko baƙo zai sauka. In baƙo bai zo ba sai ƙullin ya motse, firojestaron da ɗan'uwansa istirojin su yi ƙasa, a naɗe shimfiɗa, shi ne jinin da kike gani. Zangon nan kusan kwana 14 ne ga yawancin mata, ko watan mace gajere ne ko dogo. Kwana gomanki suna cikinsa.

A cikin zangon, hanji yakan yi nawa wajen tura abinci, shi ya sa ciki ke cushewa, bayan gida ya yi tauri. Jiki yakan riƙe ruwa. Zafin jiki yakan ɗan hau, bai cika wuce rabin digiri ba, amma a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ko wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya hana barci. Cin abinci ma yakan ƙaru, wato yunwar da kike ji ta gaske ce, kada ki ɗauka zarin ci ne. Saurin fushi da kuka kuwa daga yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar hawa da saukar sinadaran nan ne, musamman ta hanyar wani da ake kira sirotonin, mai taimaka wa kwanciyar rai. Da aka auna jinin mata masu fama irin naki da na waɗanda ba su jin komai, yawan firojestaron da istirojin bai bambanta ba. Bambancin yana wajen yadda jiki ke jin motsinsu, kamar yadda za a hau mota ɗaya zuwa Marwa, wata ta yi ta amai, ta kusa da ita tana cin gyaɗa.

Yanzu abinci. Kin tambaye ni me za ki ci, ni kuwa abin da ya fara ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne abin da ba ki ci. Daga shayin safe zuwa la'asar awa takwas ne ko tara, kina duƙe kan keke, cikinki babu komai sai ruwan shayi da sukari. Burodi fari da shayi mai zaƙi suna shiga jini da gudu, su fita da gudu, kafin hantsi ya dubi ludayi kin koma fanko. La'asar na yi sai ki sake maimaita abin da lemon kwalba da fanke. Ki dawo gida gab da magariba, sukarin ya gama aikinsa, tuwo bai nuna ba, daidai lokacin yaro ya ɓarar da ruwa. Ko wadda ba ta jiran al'ada, in ta yi wannan wuni, bakinta ba zai yi daɗi ba. To ina ga ke?

Saboda haka gyara na farko ba ya buƙatar ko sisi a kan abin da kike kashewa yanzu. Kada ki bari awa huɗu ta wuce ba ki sa wani abu mai riƙe ciki a baki ba, musamman a waɗannan kwanaki. Da safe, kunun gyaɗa ko kokon gero da ƙosai sun fi shayi da burodi nesa ba kusa ba. Ɗumamen tuwon dawa ma ya fi su. In burodin ne dole, a cusa masa wake ko ƙwai, yadda masu teburin shayi ke yi. A shago kuma ki ajiye 'yar roba a aljihun keke, kusa da zare da allura: soyayyar gyaɗa, aya, dabino uku ko huɗu. Kuɗin lemon kwalbar nan sun isa su saya miki dafaffen dankali ko ɗan-wake da azahar. Gero da dawa da masakwa da ba a surfe su har suka yi fari tas ba, da wake, da gyaɗa, suna sakin ƙarfinsu a hankali, dusarsu kuma tana motsa hanjin da ya yi nawa. In wake na cika miki ciki da iska, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan, ki dafa shi ya yi luguf, ki fara da kaɗan.

Kwaɗayin zaƙi kuwa ba zan ce ki yi ta kokawa da shi ba, don wadda ta hana kanta tun safe ita ce ke cinye leda guda ta alewa da dare. Ki ba shi haƙƙinsa bayan kin ci abinci: mangwaro in lokacinsa ne, gwaiba, ayaba, dabino. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha ya wuce kamar giram 50 a rana ga babba, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan. Ki ƙirga cokulan da ke shiga butar shagonku, ki haɗa da lemon kwalba da madarar gwangwani mai kauri, za ki riƙe baki.

Sai babbar maganar, wadda nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. A cikin duk abubuwan ci da aka gwada a kan wannan matsala, wanda hujjarsa ta fi ƙwari shi ne kalsiyam, sinadarin nan da ke gina ƙashi. A 1998 wata likita a Amurka, Susan Thys-Jacobs, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mata 466. An ba wasu ƙwayar kalsiyam miligiram 1200 kullum, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, babu wadda ta san wacce take sha. Zuwa wata na uku, damuwar masu shan kalsiyam ta ragu da kashi 48 cikin 100, ta ɗaya ɓangaren kuma da kashi 30. Ki lura da abu biyu a nan. Kullum suka riƙa sha, har da kwanakin da suke lafiya lau, ba su jira sai nono ya fara tsami ba. Kuma sai da aka yi wata uku kafin bambancin ya fito sosai. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar bidiyon ƙanwarki da nauyi: jera abincin da za a ci a sati kaza, a canza a sati kaza, yana da daɗin kallo, amma jiki da abin da aka ba shi tsawon wata yake aiki. A 2005 wani bincike da ya daɗe yana bin ma'aikatan jinya mata a Amurka ya nuna cewa waɗanda abincinsu ya fi yawan kalsiyam da bitamin D ba su cika kamuwa da wannan matsala kamar sauran ba.

Mu kuwa nan arewa ba a rasa nono a ruga. Babba na buƙatar kamar miligiram 1000 na kalsiyam a rana, kofi ɗaya na madara ko kindirmo, kwata ɗin lita, yana da wajen 300. Kofi biyu a rana, kin ci fiye da rabin hanya. Fura da nono ko dakkere da kindirmo abinci ne da ya haɗa gero da kalsiyam a ƙwarya ɗaya, abin da ke ɓata shi sukarin da ake labta masa. Da rani, in shanu suka yi nisa, nonon talla yakan sha ruwa, kin fi ni sani, to a lokacin ki kwaɓa madarar gari ki yi kindirmonki a gida, kalsiyam ɗinsa yana nan. Ɗanyar madarar shanu kuma kada ki sha sai kin tafasa, don tana iya ɗauke da tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci.

Saura kuma yana cikin tukunyar miya. Kifin bidiyon nan mai jan nama ki bar wa masu shi. Ƙananan busassun kifin da ake auna mana a tiya, irin salanga, sun fi shi amfani a wannan fanni, domin ana cin su har ƙaya, kalsiyam kuwa a ƙayar yake. Ki tsince su, ki ɗauraye yashin, ki baza a faifai su sha iska, ki ɗan gasa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan ki zuba a turmi ki dake su lukwi, kai da ƙaya da komai. Ki tankaɗe, ki zuba a kwalba mai murfi. Cokali biyu a miyar kuka ko ta kuɓewa, ba mai tsintar ƙaya a baki, yara ma sun samu rabonsu. Ita kuka kanta tana da kalsiyam mai yawa, haka zogale, haka riɗi wanda ba a cire masa ɓawo ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da azahar ya fi fanke sau goma. Gyaɗa, riɗi, agushi, wake da gero kuma suna da magniziyam, ayaba da dankali da kifi da kaza suna da bitamin B6, dukansu biyu an gwada su an ga ɗan sauƙi, ko da yake bai kai na kalsiyam ba. In kina cin abin da na lissafa, sun shigo da kansu.

Kumburi kuma mu duba gishiri, don inda gishiri ya zauna nan ruwa ke zama. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ne a rana, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, kuma da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yajin tsire ake lissafi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma 'yar gidansu ce. Ki duba tukunyar darenki: magi uku ko huɗu, gishiri a tafin hannu, kanwa a miya, wataƙila kanwa a tuwo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wajen gishiri ido ya sha yaudararmu. Ki rage rabin magin, ki cike gurbin da daddawa, ta kalwa ko ta batso wadda maƙwabtanmu Fulani ke ce wa mbuja, da albasa da tafarnuwa da garin kifin nan. In kika rage a hankali cikin sati biyu ko uku, maigida ba zai ma gane ba. Ruwa kuma ki sha sosai. Na ga mata da yawa da ke ƙin shan ruwa wai kada cikin ya ƙara kumbura, alhali rashinsa ke ƙara taurin bayan gida da ciwon kai, balle a wannan rana tamu. In ruwan ya gundure ki, zoɓo mai citta da sukari kaɗan.

Butar shayin shagonku ba zan ce a sauke ta ba, na san ita ce hira, ita ce karɓar baƙi. Amma shayi da kofi da goro duk suna da kafeyin, shi kuwa yana ƙara faɗuwar gaba da tsinkewar barci, wasu matan kuma suna cewa yana ƙara musu tsamin nono. Rabin wanda kika sha yana nan a jininki bayan kamar awa biyar, ke nan kofin la'asar yana raka ki har shimfiɗa. A kwana goman nan ki tsaya a kofi ɗaya ko biyu kafin azahar, ki bar musu na farkon nan mai ɗaci. Kuma ki raba shayi da abinci da kamar awa ɗaya, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, ke kuwa duk wata kina zubar da jini. Lemon tsami ko tumatir a abinci su ke taimaka wa jiki ya tsotse shi.

Na san wata za ta karanta wannan ta nufi masu baza magani a tire. Kada ki yi. Bitamin B6 in ya wuce miligiram 100 a rana aka daɗe ana sha yana lalata jijiya, hannu da ƙafa su riƙa dindiris. Ƙwayar kalsiyam ba ta dace da mai tsakuwar ƙoda ba sai da izinin likita, kuma ba a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini. Ƙwayar sa fitsari da wasu ke sha don ciki ya sace kuwa, ko kyauta aka ba ki ki mayar.

Ki samu kalanda, ko bayan littafin da kike rubuta awon mutane. Ranar da jini ya fara ki rubuta 1. Kowane dare ki sa alama: kumburi, ciwon kai, fushi, kuka, da ƙarfinsu. Ki yi haka wata biyu a jere aƙalla, don da irin wannan rubutu likita ke tabbatar da matsalar. Zai kuma nuna miki ranar da hadari ke haɗuwa, ki daina karɓar ɗinkin biki na gaggawa a wannan satin, ki yi tattaki da ƙafa bayan la'asar maimakon hawa mashin, ki kwanta da wuri. In kina da ramuwar azumi, ki ajiye ta a satin da ke bin tsarki, lokacin da jikinki ya fi ƙarfi. A Ramadan kuwa, in kwanakin suka faɗo ciki, sahur ɗinki ya zama mai nauyi, da kindirmo da gero ko wake. Ki nuna wa maigida takardar a ranar da kuke dariya. Namiji in ya ga abu a rubuce da kwanan wata yakan fi yarda, shi ne kuma zai fi ki iya yi wa mahaifiyarsa bayani. Yaron da kika rufe da masifa kuma, in kin huce ki jawo shi jikinki, ki ce masa Mama ce ba ta jin daɗi. Yara suna ganewa.

Akwai inda abinci ba ya kaiwa. In baƙin cikin ya kai kina jin rayuwa ta ishe ki, ko kina tsoron abin da hannunki zai yi wa yaro, ko ba ki iya fita shago, wannan nau'i ne mai tsanani da ke samun mata kaɗan cikin ɗari, yana da suna a littafin likitoci, yana kuma da magani mai aiki. Ki je asibiti a satin, kada ki jira wata uku. Haka in takardarki ta nuna damuwar ba ta ɗaukewa bayan jini ya wuce, to a duba jininki da maƙogwaronki da kuma ciwon damuwa. In jini na wuce kwana bakwai, ko kina canza ƙunzugu kowace awa, ko kin fara kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara, a auna yawan jininki. Ƙulli a nono da bai baje ba bayan al'ada, a nuna wa likita. In kuma kwana goman suka cika, suka wuce, jini shiru, ki yi gwajin ciki kafin ki sha ko wane magani, don alamun biyun kamar an tsaga kara suke.

Siket ɗin nan kuwa, ruwa ne ya hana shi shiga, zai fita da kansa in jini ya sauka, kada ki bar cin abinci a kansa. Ke ce mai keke, ki saki ƙugun da yatsa biyu ko ki sa masa roba.